Darasi: Matashi da Jarabar Wasan Gem

Gem wasa ne da ake bugawa a waya, ko a kwamfuta, ko a akwatin PlayStation da ake haɗawa da talabijin. Samari sun fi son na ƙwallon ƙafa da na yaƙi, irin su PUBG da Free Fire. Wasan kansa ba cuta ba ne. Sai ya fi ƙarfin mai yinsa yake zama cuta.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Alamominta uku ne. Ta farko, yaro ya kasa ajiye wasan ko da yana so. Ta biyu, ya fifita shi a kan karatu da barci da aikin gida. Ta uku, ya ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da yake jawo masa. Yawanci sai halin ya kai wata 12 likita yake tabbatar da cutar.

Masu ƙera gem suna tsara shi mataki-mataki. Duk matakin da yaro ya haye, akwai tukuici, sai ya ji daɗi ya nemi na gaba. Yaron da ke fama da kaɗaici ko damuwa ya fi saurin faɗawa, domin a can yake samun yabo da abokai.

Illar takan fara da dare. Yaro ya kwana yana danna waya, ya makara sallar asuba, ya yi ta gyangyaɗi a aji. Kuɗin tararsa ya ƙare a sayen data ko a gidan gem. Idan aka karɓe wayar sai ya fusata.

A shekarar 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan gem na intanet zuwa awa uku a yawancin makonni. A gida kuwa, iyaye ne hukuma. Duka da zagi ba sa magani, sai dai su koya wa yaro ɓoyewa. Abin da ya fi shi ne a zauna da shi a yanke lokacin wasa, bayan ya gama karatu. Kada waya ta kwana a ɗakinsa. A sama masa abin da zai cike gurbin, kamar ƙwallo a fili ko koyon sana'a. Idan ya daina zuwa makaranta ko ya ƙaurace wa mutane, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne alamomi uku ne ke nuna jarabar gem?
2. Me ya sa duka ba ya magani?
3. Yaushe ya kamata a ga likita?