Zuwa ga 'yan matan Sabo da amarenta



 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kuka da ya yawaita a bakinku, wai yanzu babu ƙawar arziki, kowa kanta ta sani. Mai wannan kukan kuwa sau da yawa wayarta cike take da lambobi, kuma ba a yin biki daga Sabo zuwa Ojoo ba a gan ta cikin anko ba. To ni abin da shekaru suka nuna mini shi ne, ba a cika samun aminiya a inda kowa ta ci ado ba. A bakin tukunya ake gane ta, ko a barandar asibiti da tsakar dare.

Ku fara da sanin inda kuke zaune. A 1916 aka kafa unguwar nan, aka tattaro Hausawan da ke warwatse cikin Badun aka ba su wuri guda kusa da Mokola. Cinikin goro da na shanu ne ya raya ta. Maigida ya sauki falke, ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, amma tuwon da baƙon ya ci, wa ya tuƙa? Matan da aka auro daga Kano da Katsina da Zazzau, kowacce ta baro uwa da 'yan uwa can nesa. Ranar da naƙuda ta zo babu gwaggo, babu inna. Maƙwabciya ce za ta hura wutar wankan jego, wata ta dama kunun kanwa, wata ta kwashe yaran zuwa ɗakinta. Dangin da ba su taho da shi ba, da gumi suka samar da shi a nan Kurmi.

Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, littafinsa ya fito a 1969. Ya bayyana yadda matan kulle ke juya kuɗi ba su taka ƙofar gida ba, yara na yi musu talla, ribar kuma tana tafiya wajen kwanukan da ake jerawa a ɗaki. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba komai na cikin gida baƙo yake gani ba. Yarinyar da ta fita da farantin talla ita ce kuma ke ratsawa da kwanon abinci gidan tsohuwar da ba ta da kowa, kuma wannan ba ya shiga lissafin ciniki.

Nan ne nake so ku natsu. Biki abu ne mai kyau, adashi ma haka, ban raina ko ɗaya ba. Da adashi aka yi wa da yawanku kayan ɗaki. Amma duka biyun bashi ne. Ta kawo miki gudunmawa ranar suna, kin rubuta a zuciya, ranar nata ki mayar har da ƙari. Uwar adashi ba ta karɓar wadda ba ta da abin zubi. Saboda haka biki da adashi tsakanin masu iya ramawa suke yawo, kuma ƙawancen da ya tsaya a kansu kaɗai, ranar da aka samu giɓi ranar yake tsinkewa. Aikin da ke ɗaure zukata shi ne wanda ku biyu ko uku kuka yi wa wadda ba za ta taɓa iya biyan ku ba. A nan za ki ga wace ce ke zuwa a kan lokaci, wace ce ke wanke bahon mara lafiya ba ta yamutsa fuska ba, wace ce ta ga asirin gidan mutane ta haɗiye. Wadda kika gani da idonki a wannan hali, ita ce za ki iya damƙa wa 'yarki da sirrinki.

Aikin kuwa ba sai an je nemansa ba. Asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe tun 1957, yana nan kusa da ku, kuma ana kawo mata daga nesa waɗanda ba sa jin Yarbanci, ba sa jin Turanci. Ke da aka haifa a Sabo kina jin su duka, ga kuma Hausa. Tsayuwar awa ɗaya kina fassara tsakanin likita da mai jinya ta fi ƙunshin kuɗin da za ki miƙa ki wuce. Akwai gidan rasuwa, wanda ke cika maƙil ranar uku da bakwai, sannan a watse a bar mai takaba da bango. Akwai dattijuwar da ke jin kunyar zama aji ɗaya da jikokinta a Islamiyya, amma za ta so a biya mata karatu a ɗaki.

Kun tuna Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Shasha, da mutane suka bar gidaje da rumfuna, mata da goyo babu ko zanen canji. A irin wannan rana babu lokacin zaɓen shugaba da ma'aji. Waɗanda suka saba ɗora tukunya tare su ne za su iya ciyar da jama'a kafin magariba, saura kuwa suna nan suna gardamar wa zai riƙe kuɗi.

Kada wani ya ce muku wannan baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru: shugabanni mata da ake kira jaji suna jagorantar matan ƙauyuka zuwa karatu, su koma su koyar, su kula da marasa lafiya da masu haihuwa. Ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu na Amira ta farko, a kan wannan turba ta ɗora makarantu da asibitocinta. Amma ni ban ce lallai ku yi rajista ku buga kati ba. Mutum biyar sun isa, aiki ɗaya, rana ɗaya a mako, a dage a kai ko ana ruwa.

Kuɗi shi ne ke raba irin wannan tafiya, don haka ko naira ɗari ce a rubuta, mutum biyu su sa ido, a karanta a gaban kowa. Mai aure ta nemi yardar mijinta tun farko, ta gaya masa inda za ta da lokacin dawowa. Wadda ba ta fita ma tana da rabo, girkin daga murhunta zai iya fitowa. Kuma don Allah ku ajiye waya. Hoton marainiya tana karɓar shinkafa a hannunki, ke ya ƙawata, ita ya tozarta.

Sai maganar maƙwabtanku Yarabawa. Kun yi makaranta tare, kuna haɗuwa a layin awo, kuna cin kasuwar Bodija tare, amma da wuya ku gayyace su aiki. Ku gayyace su. Matar da kuka kwana tare a kan mara lafiya ɗaya, ba kowace jita-jita za ta yarda da ita a kanku ba ranar da gari ya rikice, ku ma haka.

Ku gaishe mini da iyayenku mata, ku tambaye su wace ce ta yi musu wankan jegon farko.

Wassalam,
Gwaggonku.