Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa aikin kwatangwalo da robar fitsari?

Tambaya: Za a yi wa mahaifina, ɗan shekara 68, aikin sauya kwatangwalo. Da ya ji an ambaci robar fitsari sai ya ce shi ya fasa, wai me ya haɗa ƙugu da fitsari? Ga kuma wani abokinsa da aka sa wa roba tun bara, har yau yana yawo da ita. Shin dole ne sai an sa masa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Tambayarsa tana kan hanya, don wuƙar likita ba ta zuwa kusa da mafitsara. Allurar kashe zafi ce ta haɗa su. Galibi ana yin wannan aiki ne da allurar baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, mutum na farke. Jijiyoyin da ke sanar da mutum cewa mafitsara ta cika, su kuma matse ta, daga ƙasan ƙashin baya suke fitowa, kuma suna cikin na ƙarshe wajen farfaɗowa. Sai ki ga mara lafiya ya fara motsa yatsun ƙafa, mafitsara kuwa tana barci. Ga ƙarin ruwa ana ta ɗura masa ta jijiya, ga magungunan kashe zafi dangin mofin da su ma ke riƙe fitsari. Mafitsarar babba takan ɗauki kamar rabin lita. In ta zarce haka sosai, ta daɗe a miƙe, tsokarta kan saki kamar robar wando da aka ja fiye da ƙima, kuma dawowarta daidai na iya ɗaukar kwanaki. Abin da ake gudu ke nan.

Amma dole? A'a. A da kusan kowa ake sa wa. Yanzu asibitoci da yawa sun daina, domin aikin bai cika wuce awa biyu ba, kuma ana tayar da mara lafiya ya taka a ranar ko washegari. Sai a sa ido: in awa shida zuwa takwas ta wuce bai yi fitsari ba, a duba mararsa da na'urar hoto, in ta cika a zura siririyar roba a kwashe, a zare nan take. Wanda ya karye a ƙugu yana kwance ba ya iya juyawa, ko wanda aikinsa zai yi tsawo, shi kam akan bar masa robar.

Dalilin wannan sauyi shi ne ƙwayoyin cuta. Roba hanya ce a buɗe daga waje zuwa mafitsara, kuma kowace rana da ta ƙara a jiki, haɗarin shigarsu yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100. Likitocin ƙashi sun fi kowa tsoron wannan, saboda in ƙwayar cuta ta bi jini ta maƙale a jikin ƙarfen da aka dasa, magani kaɗai ba ya cika fitar da ita, wani lokaci sai an sake buɗewa. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar CDC ta Amurka ta fitar a 2009 ta ce a cire robar da wuri bayan tiyata, zai fi kyau cikin awa 24, sai in akwai dalili. A ganina, maimakon gardama kan a sa ko kar a sa, ku tambayi likita tun kafin a shiga: in an sa, yaushe za a cire? Washegari da safe ku tuna wa nas. Ba rashin kunya ba ne, a ɗakin da majinyata suka yi yawa ana iya mantawa.

Batun abokin Baba kuwa, mai yiwuwa larurarsa daban ce. Maza masu shekaru da ke daɗewa da roba yawanci kumburin furostet ne ke damunsu, wato wani ƙullutun nama da ya zagaye bakin mafitsara. A nan akwai abin da ya shafi Baba. In yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ko sai ya yi yunƙuri kafin ya fito, ko yana fita a tsinke, ya gaya wa likita ba tare da jin nauyi ba. Irinsu ne fitsari ya fi riƙewa bayan aiki, kuma sanin haka da wuri yana sauya shirin da za a yi masa. In kunyarki yake ji, ki bar shi da likitan su biyu.

In an sa, yawanci bayan allurar ta kama ake zurawa, ba zai ji ba. Wata 'yar balan-balan da ake cika wa ruwa kaɗan ce ke riƙe ta a ciki, don haka kada kowa ya ja ta. Nas ce za ta zuƙe ruwan da sirinji kafin ta zare. Jakar da fitsarin ke taruwa a ciki ta zauna ƙasa da ƙugunsa amma kada ta taɓa ƙasa, kada bututun ya lanƙwashe ƙarƙashin cinya, mai zubar da fitsarin ya wanke hannu kafin da bayan. Salla ba ta faɗuwa saboda roba, malamai suna sa mai ita cikin hukuncin mai yoyon fitsari.

Bayan an cire, ɗan raɗaɗi na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Zazzaɓi, fitsari mai wari ko gurɓatacce, mara ta kumbura fitsari ya ƙi fita, ko ki ga tsoho ya fara ruɗewa yana sambatu, waɗannan a sanar da likita a ranar.