Gwanayen Turai da Babban Gwani na Zazzau

Duk wanda ya buɗe littattafan zane da ke cikin ɗakin karatunmu zai tarar da sunayen gwanayen Turai a jere, kowa da shekarar haihuwarsa, da sunan maigidan da ya koya masa sana'a, da garin da aikinsa ya ke ajiye. Da yawa daga cikinmu mun haddace waɗansu saboda jarrabawa. Amma in aka tambaye mu wa ya gina tsohon masallacin Jumma'a na birnin Zariya, sai a ga mun yi tsuru-tsuru. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu duba gwanaye huɗu na Turai da ayyukansu, sa'an nan mu dubi namu na gida, mu bincika abin da ya sa sunan waɗancan ya gama duniya, na wannan kuwa ya ke neman ɓacewa.

Burunaleski da ƙubbar Fulorans

A birnin Fulorans na ƙasar Italiya an soma gina wata babbar majami'a a 1296. Aka yi fiye da shekara ɗari ana aiki, bango ya tashi, amma tsakiyar ginin ta zauna a buɗe, domin faɗinta ya fi ƙafa 140. Al'adar maginansu ita ce su kafa katako su tokare ƙubba daga ƙasa har ta bushe, ga shi kuwa wannan wuri ya fi ƙarfin katako. Sai wani maƙerin farfaru mai aikin zinariya, sunansa Filifo Burunaleski, ya ce zai rufe ta ba da matokari ba. Ya soma a 1420, ya gama a 1436. Dabararsa ita ce ya yi ƙubba biyu, ɗaya cikin ɗaya, don nauyi ya ragu. Ya jera tubalin a karkace yadda kowane layi zai riƙe na bisansa tun kafin a haɗe da'irar, ya kuma ɗaure ƙugun ƙubbar da sarƙar duwatsu don kada ta buɗe. Har ya ƙera wata na'ura wadda shanu ke juyawa tana ɗaga kaya sama. Da ya rasu a 1446 cikin majami'ar nan aka binne shi don girmamawa.

Liyonado da Binci

An haife shi a 1452, ya rasu a Faransa a 1519. Ya yi almajirci wurin wani gwani mai suna Berokiyo, kamar yadda yaro ke zama gaban maigidansa a ƙera ko a marina. Aikinsa da ya fi shahara shi ne surar wata mace da a ke kira Mona Lisa. A kan allon katako ya yi ta, tsawonsa inci 30, faɗinsa inci 21, watau bai kai rabin ƙyauren ɗaki ba. Gwanintar da ke ciki ita ce yadda ya riƙa shafa launi siriri bisa siriri, har haske da inuwa su ka narke cikin juna, ba a ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya soma. Tana gidan ajiya na Louvre a birnin Faris. An sace ta a 1911, aka same ta a 1913, satar nan kuwa ta ƙara mata suna ƙwarai.

Yana da wani aikin a jikin bangon wani ɗakin cin abinci a birnin Milan, mai nuna Annabi Isa da almajiransa goma sha biyu zaune wurin jibi, wanda ya gama wajen 1498. Maimakon ya shafa launi bisa ɗanyen shafe yadda a ka saba, sai ya shafa bisa busasshen bango don ya yi aiki a tsanake. Tun yana da rai launin ya soma ɓamɓarewa. A 1652 aka fasa ƙofa ta ƙasan zanen, a 1943 kuma bom ya rushe rufin ɗakin. Duk da haka ba a bar shi ya hallaka ba, an yi shekara 21 ana gyaransa, daga 1978 zuwa 1999.

Mikelanjelo da Rembarant

Mikelanjelo ya rayu daga 1475 zuwa 1564. Masassaƙin dutse ne, mai zane, kuma magini. Tsakanin 1501 da 1504 ya sassaƙa siffar Dawuda daga dutse guda, tsayinta ƙafa 17. Daga 1508 zuwa 1512 kuma ya zane rufin wani ɗakin ibada na fadar Fafaroma a birnin Rum, yana tsaye bisa dandamali, kansa a ɗage, fiye da ƙafa 60 daga ƙasa. Tun yana saurayi ya sassaƙa siffar Maryamu da ɗanta, ya kuma rubuta sunansa a jikin dutsen don kada a ba wani aikinsa.

Rembarant mutumin Holan ne, an haife shi a 1606, ya rasu a 1669. Shi gwanin duhu da haske ne: ya kan bar yawancin zanensa cikin inuwa, sa'an nan ya jefa haske a fuskar da ya ke so a duba. A 1642 ya zana wata ƙungiyar dakarun birnin Amsterdam suna shirin fita, zanen da a ke kira Sintirin Dare. A 1715 da aka kai shi gidan majalisar gari, sai aka ga ya fi wurin da za a rataye shi girma, aka sa wuƙa aka datse gefunansa. Kun ga ashe su ma can akwai masu ɓarna.

Babban Gwani

To, bari mu komo gida. Gwanayen ƙasar Hausa ba su mai da hankali ga yin surar mutum ba, domin malaman Musulunci ba su ƙarfafa yin surar mai rai ba. Sai su ka zuba basirarsu cikin gini, da ɗinkin riga, da dukanci, da zayyanar Alƙur'ani. Cikin magina kuwa babu wanda sunansa ya kai na Malam Mika'ila, wanda a ke kira Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Ba za mu gane girman aikinsa ba sai mun san kayan da ya yi aiki da su. Ba shi da dutse sassaƙaƙƙe, ba shi da siminti, ba shi da ƙarfe. Abin da ke hannunsa tubali ne na ƙasa, da azara wadda a ke tsagawa daga giginya. Azara tana da kirki, gama gara ba ta cika cinta ba, amma in an ɗora mata nauyin rufin ƙasa ba ta iya ƙetare abin da ya wuce kamar ƙafa shida ba ta lanƙwasa ba. To, ƙaƙa za a rufe ɗakin da jama'ar birni za su yi sahu ciki da itacen da iyakarsa ke nan?

Amsar ita ce bakan gizo. Magini ya kan dasa azara cikin bango ta leƙo kaɗan, ya ɗaure ta, ya lulluɓe ta da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata bisanta ta leƙo fiye da ta fari. Haka zai yi ta yi daga wannan gefe da wancan, hawa bisa hawa, har hannuwan biyu su gamu a sama su zama baka. In an yi baka biyu ko fiye sun gicciye juna, sai rufin ya rabu ƙanana-ƙanana, kowane rabo azara na iya ƙetare shi, a shimfiɗa ta, a zuba ƙasa, tulluwa ta tashi. Ku lura fa, shi ma ba ya bukatar matokari daga ƙasa, kowane hawa shi ke riƙe da na bisansa. Matsalar da Burunaleski ya warware da tubalin wuta, ita maginan Hausa su ka warware da ƙasa da giginya, ko da ya ke girman ginin ba ɗaya ba ne.

Babban Gwani bai ƙago bakan gizo ba, ya tarar ana yi. Abin da ya yi shi ne ya kai shi matuƙa. Ya tsai da manyan ginshiƙai cikin masallacin, ya fitar da bakuna daga jikinsu ta ko'ina, ya ɗora tulluwa bisa tulluwa a jere. Ya yi wa ginshiƙan ado da zane mai zurfi, na tsaye da mai kusurwa uku da mai da'ira, ya tsaga layuka a cikin bakunan, har wanda ya ɗaga kai ya kan ga kamar ƙasar ba ta da nauyi. A harabar kuma akwai ɗakin shari'a da zaurukan shiga inda a ke alwala. Har wa yau ana danganta masa gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauci, wanda hukuma ta sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956.

Labarinsa a baka ya iso mana, daga zuriyarsa da dattawan magina. Ana cewa da dare ya kan yi gini, shi kaɗai. Ana kuma cewa bayan ya yi wa Sarkin Birnin Gwari gini, sai sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Irin labaran nan suna nuna yadda mutane su ka ɗauki gwanintarsa abin al'ajabi. Cikin shekarun 1970 aka sabunta masallacin, aka rushe waɗansu sassa na tsohon ginin, sauran kuma aka rufe shi cikin sabon gini na siminti. Allah ya sa kafin wannan wani magini mutumin Folan, Z. R. Dmochowski, ya riga ya auna shi, ya zana shi a takarda, ya ɗauki hotunansa. Da aikinsa da na masana irinsa mu ke ganin siffar abin da aka rushe.

Me ya raba su?

Ba basira ce ta raba su ba. Abu uku mu ka gani.

Na fari rubutu. Wani mai zane na Italiya, Jojiyo Basari, ya bi garuruwa yana duban ayyuka, yana tambayar tsofaffi, ya tara tarihin gwanayen ƙasarsu cikin littafi a 1550, ya ƙara shi a 1568. Cikin littafin akwai kurakurai da jita-jita, amma ya bar wa na baya abin da za su gyara. Wanda ba a rubuta ba kuwa, me za a gyara? Dubi siffofin yumɓu na Nok, a kudancin jihar Kaduna, waɗanda su ka fi shekara dubu biyu. Duniya ta yarda aikin gwanaye ne, amma sunan ko ɗaya daga cikin masu yinsu bai saura ba.

Na biyu sa suna a jikin aiki. Ladi Kwali, maginiyar tukwane ta ƙasar Gwari, ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, watau Suleja, a 1954. Tukwanen da ta yi can suna ɗauke da hatimin sunanta. Ta rasu a 1984, ga hotonta a takardar naira 20. Matan da su ka koya mata tun tana yarinya gwanaye ne su ma, amma tukwanensu ba su da hatimi.

Na uku kulawa. Ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada mu ce laifin ƙasa ne. Zanen Liyonado na Milan ya fi soro rauni, mutane ne su ka ƙi yarda ya mutu.

Abin da ya rage gare mu

Kada wani ya ɗauka muna cewa a bar karatun gwanayen Turai. A 1958 waɗansu ɗaliban sashen zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarun Turawa sosai, amma a haɗa su da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, ya yi suna da shi. Mu da za mu fita mu koyar da yara, in mun iya ba su labarin Mikelanjelo amma mun kāsa gaya musu mene ne bakan gizo, sai su tashi suna zaton gwaninta daga ƙetaren teku kaɗai ta ke zuwa.

Saboda haka ga shawararmu ga kowane ɗalibi a hutun nan mai zuwa. Ya nemi soro ko zauren da ya fi tsufa a garinsu. Ya tambayi dattawa wa ya gina shi, a zamanin wane sarki, wa kuma ya koya wa maginin. Ya auna tsawonsa da faɗinsa da kaurin bangonsa, ya ƙidaya bakunansa, ya zana su a takarda gwargwadon iyawarsa. Ya rubuta sunan kowane sashe yadda magina ke faɗinsa, da sunan wanda ya ba shi labari, da ranar da ya ji. Wanda garinsu ba soro, ya yi haka ga maɗinkin riga, ko baduku, ko mai zanen ƙwarya. In mun komo sai mu tara takardun a ɗakin karatu.

Aikin ba ya jiran jinkiri, domin kwano da bulo suna cinye soraye kowace shekara, tsofaffin magina kuma suna ƙarewa. Basari mutum ɗaya ne, mu kuwa muna da yawa, kuma daga garuruwa dabam-dabam mu ka fito. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.