Ƙwaron ƙura, maƙiyin da ba a gani

A wani ƙauye tsakanin Magarya da Dungas, akwai wani yaro ɗan aji huɗu. Duk damina, da ya kwanta sai tari ya taso masa. Ƙirjinsa yana shaƙewa, hancinsa yana zubar da majina. Da safe ya yi ta atishawa. A watan Oktoba, da aka koma lakwal, kwana tara ya yi bai je aji ba.

Kakarsa ta ce sanyi ne. Uwarsa ta duba katifa, ba ta ga kuɗin cizo ba, ba ta ga ƙwarƙwata ba. Sai ubansa ya ɗauke shi a keke zuwa gidan likita.

Likita ya saurari ƙirjin yaron, ya ce: "Malam, ɗanka yana da asma. Ga magani. Amma yaushe rabon da a shanya katifarsa?"

Uban ya ce: "Likita, tun saukar ruwan farko ba a fitar da ita ba."

Likita ya ce: "To, watakila maƙiyin yana cikinta."

Wane ne wannan maƙiyi?

Sunansa ƙwaron ƙura. Da Faransanci ana ce masa acarien. Ƙarami ne ƙwarai. In an jera uku, da ƙyar za su cika milimita 1. Ido ba ya ganinsa sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Ƙafafunsa 8. Shi ɗan'uwan gizo-gizo ne da kaska.

Ba ya cizo, ba ya shan jini. Abincinsa shi ne ɓarɓashin fatar da ke zuba daga jikin mutum dare da rana. Shi ya sa yake zama inda ake kwana: katifa, matashin kai, bargo, tabarma da darduma. Macen tana rayuwa wajen wata 2, tana yin ƙwai 60 zuwa 100.

Kashinsa ne ke kawo cuta. Ƙwaro ɗaya yana yin kashi kamar sau 20 a rana. Kashin yana bushewa, ya gauraya da ƙura. In an kaɗe shimfiɗa, sai ya tashi, mutum ya shaƙa. Wasu ba ya yi musu komai. Wasu kuwa jikinsu ba ya shiri da shi: sai atishawa, ƙaiƙayin ido, ƙuraje ko asma. A shekarar 1964 ne masana a birnin Laidin na ƙasar Holand suka gano cewa wannan ƙwaro ne ke sa ƙurar ɗaki ta zama cuta.

Me ya sa ya fi yawa da damina?

Ƙwaron ƙura ba ya shan ruwa da baki. Daga iska yake tsotsar laima. In iska ta bushe, shi ma sai ya bushe ya mutu. Magarya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, kusa da iyakar Najeriya. Sun fi Tanut samun ruwan sama, ga kuma fadamun Korama. Daga watan Yuni zuwa Satumba ɗakuna suna yin danshi, ana rufe taga, rana ba ta shiga. Lokacin ne ƙwaron ke hayayyafa. Da hunturu yawancinsu suna mutuwa, amma kashinsu yana nan cikin katifa har sai an fitar da shi.

Yaya ake yaƙarsa?

1. Shanya. A fitar da katifa, matashi da tabarma duk mako, su sha rana mai zafi aƙalla awa 3, ana juya su. Sannan a bubbuga su da sanda a waje.
2. Wanki da ruwan zafi. Zafin da ya kai digiri 60 yana kashe ƙwaron. In an haɗa kwano ɗaya na tafasasshen ruwa da kwano ɗaya na ruwan randa, an samu wannan zafi. Babba ne zai haɗa, ba yaro ba. A jiƙa zane da rigar matashi, sannan a wanke da sabulu.
3. Shara. A yayyafa ruwa kaɗan kafin a sa tsintsiya. A goge akwati da gado da jiƙaƙƙen tsumma.
4. Iska. A buɗe ƙofa da taga da rana. Kada a rataya jiƙaƙƙun tufafi cikin ɗaki.
5. Rage tarkace. Tsummokara da buhunan da aka cusa ƙarƙashin gado matattarar ƙura ne.

Mai asma ba ya shara, ba ya bugun katifa. Ya fita, sai ƙura ta kwanta ya dawo. Hayaƙin itace da na maganin sauro suna ƙara masa tari. Tsabta kuma ba ta maye gurbin magani: in numfashi ya yi wuya, a kai shi likita nan da nan.

A gidan su yaron, ran Lahadi ta zama ranar shanya. Yayyensa suna fitar da katifu, su baza a kan danga. Kakar ta ce: "Jikana, ashe maganin yana bisa kanmu, ba ko dala!" Tarin bai rabu da shi gaba ɗaya ba, amma ya ragu. Yanzu yana barci, yana zuwa lakwal.

Tambayoyi

1. Me ƙwaron ƙura yake ci?
2. Mene ne bambancinsa da kuɗin cizo?
3. Don me ya fi yawa da damina?
4. Wane aiki ne aka hana mai asma?

Lissafi

Ƙwaro ɗaya yana kashi sau 20 a rana. Sau nawa zai yi cikin kwana 30?

Aikin gida

Ku tambayi iyayenku ranar da aka shanya shimfiɗarku. Ku taimaka a shanya ta a wannan mako, ku rubuta jimla 3 a kan abin da kuka gani.