Allurar Rigakafin Dabbobi: Darasin Bushiya ga Mai Akuya da Mai Kaza

Jama'a, talakan ƙauye ba ya ajiyar kuɗi a banki. Ajiyarsa tana ɗaure a turke, ko tana tone-tone a tsakar gida. In yaro ya kwanta rashin lafiya, a kama kaza a kai kasuwa. In lokacin sayen taki ya yi, a sayar da ɗan bunsuru. Matar da ta yi shekara uku tana tara awaki, kayan ɗakin 'yarta take tarawa. Saboda haka duk annobar da ta faɗa wa dabbobi, rumbun talaka ta faɗa wa, kuma gidan da ya wayi gari turke babu komai yakan daɗe bai farfaɗo ba.

Abin da Bushiya Ta Yi

Yaran yau ba su san annobar shanun nan da ake kira bushiya ba, amma ku tambayi tsofaffin makiyaya. Ta shigo Afirka a 1887 ta ƙasar Eritiriya, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo. Cikin 'yan shekaru ta ratsa har ƙasar Hausa da Barno. Inda ta sauka, cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu ke tsira. Saniya ta kama zazzaɓi, idanu da hanci na zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo, sai mutuwa. Mai garken ɗari ya koma ba shi da ko maraƙi, yunwa kuwa ta biyo baya.

Da ilimi ya ci gaba, wani likitan dabbobi ɗan Ingila mai suna Walter Plowright, yana aiki a Kenya, ya haɗa allurar da in aka yi wa saniya sau ɗaya ta tsira har ƙarshen ranta. A 1962 aka fara babban gangamin da ake kira JP15 a ƙasashen Tafkin Cadi, wato Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Ma'aikata suka bi ruga-ruga da mashaya-mashaya, duk saniyar da aka yi wa allura sai a huda mata alama a kunne.

To, a nan ne darasin yake. Da aka ga cutar ta lafa, sai gwamnatoci suka saki jiki, aka daina bin maruƙan da ake haifa. Wasu makiyaya kuma sukan ɓoye rabin garke a daji, don tsoron kada lissafin allura ya zama lissafin jangali. Ba za a zarge su da yawa ba, wanda ya sha biyan jangali dole ya ji tsoron mai littafi da alƙalami. Amma wake ɗaya ke ɓata gari. Cutar ta laɓe a 'yan wuraren da allura ba ta kai ba, ta dawo da ƙarfinta. A 1983 ta yi wa shanun Nijeriya mummunar ɓarna. Sai da aka sake sabon gangami na Afirka baki ɗaya a 1986, aka kuma samo allura mai jure zafi, aka koya wa makiyaya da kansu yadda ake yin ta a wuraren da mota ba ta shiga. An ga bushiya karon ƙarshe a Kenya a 2001, kuma a 2011 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar.

Saura 'Yar'uwarta

Bushiya ta bar 'yar'uwa a cikin awaki da tumaki. Malaman dabbobi suna kiranta PPR, an fara gane ta a Kwaddibuwa a 1942. Duk mai kiwo ya san kamanninta ko bai san sunanta ba. Akuya ta yi sukuku, ta ƙi cin harawa, kwantsa ta liƙe mata ido, majina ta bushe a hanci har tana numfashi da baki. In ka buɗe leɓenta ka ga gyambo mai wari. Bayan kwana biyu zawo ya ɓata mata gindi, masu ciki su yi ɓari. A garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, takan kwashe mafi yawa.

Allurarta tana nan, kuma daga ƙwayar cutar da aka samu a Nijeriya a 1975 aka haɗa ta. Yi ɗaya yana tsare dabba shekara uku ko fiye. A taron Abijan na 2015 ƙasashe suka yi alkawarin kawar da cutar nan da 2030. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana haɗa alluran dabbobi, haka ma LABOCEL a Yamai da LANAVET a Garwa. Wuyar aikin ita ce isar allurar cikin gida. Shanu a fili suke, ana ganinsu. Awaki kuwa na mata ne, suna bayan danga, kuma mai gidan da ya ce wa ma'aikaci "ba mu da komai" daga zaure ya cuci iyalinsa. Ga shi akuya tana haihuwa da sauri, a shekara guda garke ya cika da 'ya'yan da ba a yi wa allura ba.

Kaji ma haka. Annobar da ke share akurki da hunturu, wadda kaza ke murɗe wuya tana koren kashi, tana da rigakafi: ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk bayan wata uku ko huɗu. Kuɗinsa bai kai na ƙwai ɗaya ba. Ciwon huhun shanu da harbin daji da ciwon saifa kuwa, kowace shekara ake sabunta allurarsu.

Abin Kiyayewa

Ya kai mai kiwo, ka sani allurar rigakafi ta mai lafiya ce. In ka bari sai akuya ta kwanta sannan ka nemi malamin dabbobi, ka makara, kuma in ta mutu kada ka ce allura ce ta kashe ta. Ka kuma bambanta rigakafi da magani. Kwalbar nan mai ruwan ɗorawa da ake tallarta ranar kasuwa ba rigakafi ba ce. Sammore da ciwon hanta magani ake ba su, ba su da allurar rigakafi, duk wanda ya ce yana da ita kuɗinka yake so.

Ka dubi hannun mai yin allurar. Yawancin alluran nan rana tana kashe su, don haka a cikin akwatin ƙanƙara ake ɗauko su. In ka ga ya zaro kwalba daga aljihun riga da tsakar rana, ruwan banza zai tsira wa dabbarka. Wadda aka dama da safe kuma ba a ajiye ta zuwa la'asar. Wani lokaci wurin allurar huhu yakan kumbura. Ka nuna wa ma'aikaci, kada ka kore garke ka gudu.

Dabbar da ka sayo daga kasuwar Maigatari ko Potiskum ko Illela, musamman gab da Babbar Salla, ka ɗaure ta gefe guda mako biyu zuwa uku, da kwanon ruwanta dabam, kafin ta shiga cikin sauran. Wadda kuma ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko dubura, kada a sa mata wuƙa, kada a feɗe ta, domin mai yiwuwa ciwon saifa ne, shi kuwa yana kama mutum, kuma an tabbatar da ɓullarsa a Suleja a 2023. A sanar da mai unguwa da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da makiyaya, a binne ta da fatarta.