Yadda Auduga da Sitaci Ke Raba Tagwayen Sinadarai

'Yan uwa ɗalibai, mu gwada sa takalmin hagu a ƙafar dama. Kamarsu ɗaya, amma ba zai zauna daidai ba. Haka wasu ƙwayoyin sinadarai suke: tagwaye ne, kowanne tamkar hoton ɗan uwansa a madubi. Nauyinsu ɗaya, zafin da ke narkar da su ɗaya, shi ya sa raba su ke da wuya.

To, me ya shafe mu? Jikinmu yana bambanta su. A cikin maganin ibuprofen, ɗaya ne daga cikin tagwayen ke rage ciwo kai tsaye. Dole masu haɗa magani su san nawa ne na kowanne a ciki.

A 1848, Louis Pasteur na Faransa ya tsince irin waɗannan tagwaye da hantsaki. Yanzu kuwa kuromatogirafi ake yi. Ana cika siririn bututun ƙarfe da garin silika da aka lulluɓe da selulos, sinadarin auduga, ko amilos, na cikin sitacin masara da rogo, bayan an gyara su. Sarƙoƙinsu a murɗe suke ta gefe guda kamar igiya. Idan aka tura ruwan maganin, wanda ya dace da murɗin sai ya maƙale ya daɗe, ɗayan ya riga shi fita. Yoshio Okamoto na Japan ya fito da irin wannan lulluɓi a 1984.

Tambayar mako: ban da takalmi, me kuma ke da dama da hagu a gidanmu?