Gado Uku, Masu Ciwo Da Yawa

Kowa ya taɓa ganin ƙoda a teburin mahauci. Namu ma biyu ne, a bayan ciki, kowace kamar dunƙulen hannu. Aikinsu shi ne tace jini dare da rana, su fid da dauɗa tare da fitsari. Idan sun mutu dauɗar ta kan taru, ƙafafu su kumbura, mutum ya yi ta amai, har rai ya yi halinsa. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe su, a hankali kuwa su ke yi, ba zafi.

A 1943 wani likita a ƙasar Holan, Willem Kolff, ya ƙera injin da ke tace jini a waje da jiki. Mu kan ce "wankin ƙoda", amma jini ne a ke wankewa. Wahalar ita ce, kowane wanki sai an yanka jijiya, jijiyoyin kuwa su kan ƙare bayan 'yan wanki kaɗan. Saboda haka injin bai amfani wanda ƙodarsa ta mutu ɗungum ba.

Bari mu duba abin da ya faru a asibitin Jami'ar Washinton, cikin birnin Siyatul na Amurka. A irin wannan asibiti likita yana jiyya, yana bincike, yana kuma koyar da ɗalibai, maƙeran jami'a kuwa suna kusa da shi. Dokta Belding Scribner ya yi tunanin a sa ɗan bututu a hannun mai ciwo, baki ɗaya a jijiyar da ke kawo jini, ɗaya a mai komar da shi, a bar shi nan kullum. Wani injiniya, Wayne Quinton, ya yi shi da Teflon, gama jini ba ya saurin daskarewa a kansa. A watan Maris 1960 aka sa wa wani ma'aikaci, Clyde Shields, wanda ya ke bakin mutuwa. Ya ƙara shekara 11 a duniya.

Sai wata matsala ta taso wadda ba a koya a makarantar likita ba. Gidan wankin da aka buɗe a Siyatul a 1962 gado uku ne kaɗai gare shi, kuɗin kuwa mai yawa ne. Wa za a sa, wa za a bari? Likitoci suka fara cire yara da waɗanda suka wuce shekara 45. Sauran aka miƙa wa mutum bakwai na gari, aka ɓoye sunayensu. Akwai fasto a cikinsu, da lauya, da ma'aikacin banki, da wata matar aure. Suka riƙa duba yawan 'ya'yan mutum, da sana'arsa, da halinsa, har da himmarsa ga aikin ekklesiya. Wanda ba a zaɓa ba ya koma gida ya mutu.

Ba mu so mu yi saurin hukunta su, gama dole wani ya ɗauki nawayar nan. Duk da haka ma'aunin yana damunmu, balle wannan na ƙarshe. Ubangijinmu bai tambayi kuturu ko yana zuwa majami'a kafin ya taɓa shi ba. Da labarin ya fito a mujallar Life a Nuwamba 1962, mutane da yawa suka ji haka nan. A 1972 Amurka ta yi doka, gwamnati ta ɗauki kuɗin wankin kusan dukan masu bukata.

Aikin ya iso ƙasarmu ta hannun asibitocin koyarwa. A 2002 Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya yi dashen ƙoda na fari, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010. A wurinmu ba mutum bakwai ke zaɓe ba, aljihu ne. Ana bukatar wanki sau uku a mako, iyali da yawa kuwa su kan sayar da gona da shanu, bayan 'yan watanni su daina zuwa. Awon jini da gwajin fitsari, waɗanda ke nuna ciwon tun da sauran dama, ana yinsu a yawancin ƙananan asibitoci cikin safiya ɗaya.